Tarihin Aika Saƙo a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Ƙasar noman kudancin Katsina, wadda ta taso daga Funtua ta bi ta Bakori, Danja da Kafur har Malumfashi, ta kuma miƙa yamma zuwa Faskari, Dandume da Sabuwa, ƙasa ce mai fitar da kaya, mai kuma tura 'ya'yanta nesa. Auduga, masara, dawa da waken soya suna fita; almajirai, ɗalibai, sojoji da 'yan cin rani su ma suna fita. Saboda haka aika wasiƙa, kuɗi da ƙunshin kaya tsohuwar buƙata ce a nan. Hannuwan da suka ɗauki wannan aiki sun yi ta sauyawa, daga manzon sarki da fatake zuwa gidan waya, sannan direban tasha da kamfanonin zamani. A kowane zamani mai aikawa abu uku yake son sani: ko saƙon zai isa, yaushe zai isa, kuma wa zai kama idan ya ɓata.

Kafin zuwan Turawa

A zamanin Daular Sakkwato wasiƙa ta sarakuna ce da malamai. Da Larabci ake rubuta ta, a buga mata hatimi, a danƙa wa manzo sananne. Gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke riƙe da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da manyan masarautu, kuma wasiƙar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen Ingila Clapperton a 1824 ya kai wa Sarkin Ingila tana nuna nisan da rubutaccen saƙo ke iya kaiwa a lokacin. Shi talaka saƙon baka ya sani. Maska, tsohon garin da ya yi suna a saƙa da rini, yana kan hanyar fatake, kuma duk mai ɗan ƙunshi ko sallahu yakan jira ayari ne ya ba wanda ya sani. Tafiya takan ɗauki makonni, damina takan tsayar da ita ɗungurungum. Amma wanda ya karɓi saƙon yana da gida da dangi da maigida, kuma zai dawo ya haɗa ido da mai shi. A kan wannan aka jingina amana.

Dogo da auduga

Gidan waya irin na Turawa ya fara ne a Legas a 1852, a matsayin reshen babban ofishin London. Kamfanin Royal Niger ya buɗe nasa a Lokoja a 1899, shekara guda kafin Lugard ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa. A farkon wannan mulki 'yan gudu ne ke ɗaukar jakar wasiƙu a ka daga zango zuwa zango, wayar tangaraho kuma tana bin bariki-bariki. Don Razdan da Di'o aka shirya abin, ba don manomi ba.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lamarin. Dogo ya isa Kano a 1911, sannan a ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshe daga Zariya ta Funtua da Gusau, ya dire Kaura Namoda a 1929. Auduga ce ta jawo shi. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, kamfanonin sayen amfanin gona suka kafa kantuna kusa da tasha. Funtua, wadda a da ƙaramin gari ce, ta zama mazaunin Sarkin Maska, ta cika da akawuna, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu, mutanen da ba su iya zama ba tare da wasiƙa ba. Jirgi yana da ranar zuwa da lokacin tashi, don haka a karon farko mutum ya iya ƙiyasta ranar da saƙonsa zai sauka Zariya ko Legas. Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ba ta kan dogo. Nata jakunkunan sai mota ta kawo, kuma yanayin hanya da gada ne ke yanke hukunci. Wannan bambanci tsakanin garin da ke bakin babbar hanya da wanda ke ciki bai gushe ba har yau. Ta sama kuwa, jiragen Imperial Airways sun fara sauka Kano daga Khartoum a 1936, abin da ya rage wa wasiƙar Ingila kwanaki masu yawa.

Lokacin da aka yarda da gidan waya

Daga Yaƙin Duniya na Biyu zuwa ƙarshen shekarun 1970 gidan waya ya shiga rayuwar talakan wannan yanki sosai. Sojojin da aka kai Bama sun rubuto gida. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta koya wa mutane jiran saƙo da kuma rubuta wa edita. Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 ya ƙara yawan masu iya rubuta adireshi da kansu, wanda bai iya ba kuma akwai marubutan wasiƙa da ke zaune kusa da gidan waya, ya faɗa su rubuta. Daga baya katin zaɓi sonka na Rediyon Kaduna da wasiƙun masu sauraron Sashen Hausa na BBC sun sa sunayen Funtua, Bakori da Malumfashi sun zama sanannu a kunnen duk mai rediyo. Malaman makaranta masu neman ƙarin ilimi kuma ta gidan waya suke karɓar darussa daga Wolsey Hall da Rapid Results College a Ingila, su mayar da amsa ta nan.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da ya sa aka yarda da shi, domin ba sauri ba ne. Tsari ne. Wasiƙar rajista tana da lamba da rasit, kuma duk ma'aikacin da ta shiga hannunsa sai ya sa hannu a littafi, ta yadda in ta ɓata ana iya bin sawu har a gano inda ta tsaya. Kuɗi ba a cikin ambulan ake zuba su ba. Fas'oda ake saya, a rubuta sunan mai karɓa, ya je da shaida ya karɓa. Ƙunshin kaya ana auna shi a sikeli, a manna masa kan sarki gwargwadon nauyi, a aika wa mai shi 'yar takarda ya zo ya ɗauka. Ma'aikaci yana da albashi da fansho da zai rasa idan ya ci amana. Manomin da bai san kowa a Ibadan ba ya iya tura wa ɗansa kuɗin makaranta can, kuma wannan sabon abu ne a tarihin ƙasar.

Sai dai ko a wancan lokaci akwai giɓin da ba a cike ba. Gidan waya bai saba kai saƙo ƙofar gida ba. Mai hali yana hayar akwati. Sauran jama'a ta hannun wani suke karɓa, ko hedimasta, ko ofishin hakimi, ko malamin gona, ko mai kanti. A lokacin samun 'yancin kai a 1960 duk Najeriya gidajen waya 176 gare ta, da ƙananan wakilai wajen dubu. Ke nan wasiƙar da ta yi kwana kaɗan daga Legas zuwa Funtua tana iya yin makonni a aljihun teburin wani kafin ranar kasuwa ta kawo ɗan ƙauyen da zai wuce da ita. Ga kuma yawan masu suna ɗaya: Musa nawa ne a Malumfashi? Zangon ƙarshe dai a hannun sanayya ya zauna, kamar yadda yake a zamanin fatake.

Najeriya ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a 1961. A 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, wanda ya shimfiɗa hanyoyin karkara a gundumomin Funtua, Bakori, Faskari, Malumfashi da Ƙanƙara. Don taki da masara aka yi su, amma sun buɗe wa ƙananan motoci ƙauyuka, kuma waɗannan motoci ne daga baya suka gaji aikin gidan waya.

Raguwar yarda

A farkon 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho ta P&T gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙu; dokar soja mai lamba 41 ta 1992 ta ba NIPOST cikakken matsayin hukuma. An buɗe sashen gaggawa na EMS a 1986, shekarar da aka soma shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har zuwansa Funtua ya daina zama abin dogaro. Motocin ɗaukar wasiƙu suka tsufa, albashi ya daina isa. Koke-koken jama'a a duk faɗin ƙasar iri ɗaya ne: jinkiri, ambulan da aka buɗe, ƙunshin da ya zo da ragi. A shekarun 1990 wasiƙun 'yan damfara da kan sarki na jabu suka ƙara ɓata sunan saƙon Najeriya a ƙetare. Rashin adalci ne a ɗora wannan duka a kan ma'aikatan ƙananan ofisoshi, waɗanda da yawansu sun riƙe aiki da gaskiya ba mota ba kayan aiki. Amma yarda in ta tafi ba ta tambayar laifin wa.

Ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ya kawo nasa sauyin. Funtua ta fi kusa da Zariya da Kaduna, amma takardun hukuma yanzu arewa suke nufa, tafiya mai tsawo zuwa birnin Katsina. Kamfanoni masu zaman kansu, irin su DHL da ya shigo Najeriya a 1979 da Red Star Express na 1992, manyan birane suka zauna, kuɗinsu kuma na bankuna ne da masana'antu.

Tasha da wayar hannu

Wayar hannu ta shigo a 2001. Ta kashe wasiƙar gaisuwa cikin 'yan shekaru, ta kuma ɗaga direban tasha zuwa matsayin babban ɗan aiken yankin. Yadda ake yi kowa ya sani. Mai saƙo zai je tasha, ya sami direba ko ɗan kamasho, a yi ciniki da baki. A rubuta suna da lambar waya a jikin kwali ko buhu. Mai saƙon kuma ya ɗauki lambar direba da ta mota ya tura wa mai karɓa. Idan mota ta kusa, direba ya kira. Kano, Kaduna, Zariya da Gusau duk yini ɗaya ne. Na Legas kan bi manyan motocin hatsi da tumatir.

Abin da ke bin wannan hanya shi ne ainihin rayuwar ƙasar: garin tuwo, daddawa, kuka da man gyaɗa ga ɗalibi ko amarya a birni, kayan gyaran tarakta da injin ban ruwa daga Kano, ingantaccen iri daga wajen Samaru, atamfa daga Kantin Kwari zuwa hannun matan da ke kasuwanci daga cikin gida ta WhatsApp. A sauri da sauƙin kuɗi babu tsarin da ya taɓa kamo tasha a wannan yanki. Rauninta yana fitowa ne ranar da aka sami matsala. Galibi babu rasit, babu awo, babu inshora. In kwali ya jiƙe, ko aka sauke shi a Bakori maimakon Malumfashi, ko mota ta yi haɗari, sai a je gaban shugabannin ƙungiyar direbobi a yi sulhu. Wanda yake da ido a tasha yakan sami wani abu. Baƙo da mace mai ƙaramin jari sau da yawa haƙuri ake ba su, a ce ƙaddara ce. Ba kowace asara ba ce ƙaddara, kuma littafin shigar da kaya da 'yar takardar shaida, waɗanda wasu tashoshi ke amfani da su, ba su fi ƙarfin kowace tasha ba.

Ciniki ta intanet, wanda Jumia da Konga suka buɗe wa ƙofa a 2012, ya zo ya tarar da tsohuwar matsalar adireshi tana nan. Najeriya tana da lambar yanki mai alƙaluma shida, kuma a 2017 NIPOST ta ƙulla yarjejeniya da what3words, mai ba kowane ɗan fili na mita uku sunan kalmomi uku. Babu ɗayansu da ya shiga bakin jama'a. Kwatance ake yi har gobe: bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai, in ka zo ka kira. Dokar ƙasa ta ba NIPOST ikon ba kamfanonin aike lasisi, alhali ita ma gasa take da su. A Yulin 2020 ta fitar da sabon kuɗin lasisi mai tsada, ƙananan 'yan kasuwa suka yi ca, Minista Isa Ali Pantami ya ba da umarnin dakatarwa. Direban tasha kuwa, wanda ke ɗauke da mafi yawan ƙananan saƙonnin yankin, wannan muhawara ba ta ma iso kansa ba.

Shekarun rashin tsaro

Babbar jarrabawa ta zo da 'yan bindigar daji. Hanyoyin Funtua zuwa Gusau da Birnin Gwari, da na Faskari, Dandume da Sabuwa, sun zama na fargaba, direbobi suka rage tafiyar dare. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Nan aka ga cewa tsarin tasha kacokan a kan kira ɗaya yake tsaye. Direba ya iso ba ya iya sanar da kowa, mai kaya sai ya yi ta zarya zuwa tasha ko ya fita neman inda sabis yake, kayan da ke lalacewa su lalace. Sai a Disamba layukan suka fara dawowa. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin aike, har ya kai ƙaramin ƙunshi wani lokaci kuɗin motarsa ya fi abin da ke ciki.

A Oktoban 2023 aka naɗa Tola Odeyemi shugabar NIPOST, hukumar kuma tana ƙoƙarin mayar da ƙarfinta kan kayan 'yan kasuwa maimakon wasiƙa. A 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta tudu a Funtua, domin kwantenar auduga, hatsi ko fata ta kammala takardun kwastan a nan ba sai a Legas ba. Amfaninta ya dogara ƙwarai ga farfaɗo da dogon Zariya zuwa Kaura Namoda, kuma aikinta na manyan kaya ne. Ƙananan saƙonnin ƙauyukan Danja, Kafur da Faskari suna hannun direbobin tasha da 'yan acaɓa.