Borin jini mai daɗewa da sinadarin bitamin D: abin da bincike ya nuna

Borin jini cuta ce ta fata da ke fitowa kamar rudu-rudu masu tsananin ƙaiƙayi. Kowane rudu yakan lafa kafin awa 24, sai wani ya ɓullo a wani wurin. Idan aka shafe fiye da mako 6 ana fama da shi, likitoci na kiransa borin jini mai daɗewa. Yana faruwa ne lokacin da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin fata suka saki sinadarin histamin. A wajen yawancin masu irin wannan, ba a gano wani abinci ko magani guda da ya jawo shi.

Shi kuwa bitamin D, fata ce ke samar da shi idan hasken rana ya taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi. Baya ga ƙarfafa ƙashi, yana taimakawa wajen daidaita aikin garkuwar jiki, abin da ya sa masana suka fara nazarin alaƙarsa da borin jini.

A shekarar 2014, masu bincike a Jami'ar Nebraska da ke Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 42. Dukkansu sun sha magungunan cutar, amma an ƙara wa rukuni ɗaya awo 600 na bitamin D3 a kullum, ɗaya rukunin kuma awo 4,000, bisa ma'aunin IU. Bayan mako 12, waɗanda suka sha awo mai yawa sun fi samun sauƙi. A 2018 kuma, likitocin asibitin Siriraj na ƙasar Tailan sun tattara binciken da aka yi a baya, inda 12 daga cikin 14 suka nuna cewa masu cutar sun fi masu lafiya ƙarancin sinadarin.

Sai dai wannan bai tabbatar da cewa ƙarancin ne ke haddasa cutar ba, kuma mutanen da aka gwada ba su da yawa. Saboda haka ana ɗaukar bitamin D a matsayin ƙari ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci, ba madadin magani ba. Maganin farko shi ne ƙwayoyin da ke daƙile histamin, irin su cetirizine da loratadine.

Garin Bauchi na samun rana a duk shekara, amma hakan ba ya nufin kowa na da isasshen sinadarin. Baƙar fata na buƙatar lokaci mai tsawo kafin ta samar da shi, haka nan tsofaffi, masu ƙiba, masu wuni a ofis da matan da ba su cika fita ba na iya rasa shi. Ana kuma samunsa a kifi mai maiƙo kamar sadin, da gwaiduwar ƙwai da hanta.

Gwajin jini ne kaɗai ke nuna matsayin mutum, kuma likitoci da dama na ɗaukar ƙasa da nanogiram 20 a kowace mililita a matsayin ƙaranci. Mazauna Bauchi na iya neman shawara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko asibiti mafi kusa.

Shan bitamin D fiye da kima na tara sinadarin kalsiyam a jini, yana kuma iya illata ƙoda. Haka nan daɗewa ana shan prednisolone ko dexamethasone daga kemis ba da umarnin likita ba na jawo hawan jini da ciwon suga, yayin da asfirin da ibuprofen kan tsananta borin a wajen wasu. Idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.