Asalin Kalma: Almajiri

Daga Larabci ta fito, al-muhajir, wato wanda ya bar gida ya yi hijira. A bakin Hausawa ta zama sunan mai barin garinsu don neman ilimi a gaban malami. Yau, da an ce almajiri sai a tuna da yaro mai kwano, har wani ya daka masa tsawa, abin da ke damuna ƙwarai. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da wannan suna yake kiran mabiyan Yesu Almasihu. Ya kuwa dace da su, domin Bitrus da Andarawus tarunsu suka bari a Tekun Galili suka bi Malaminsu.