Asalin Kalmar "Sarki" da Ma'anarta a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya kasa kunne ga zancen dattawan Toranke ta ƙasar Ajingi zai ji cewa bakin da ke ambaton Sarkin Gaya cikin ladabi, shi ne ke kiran sarkin pawa da sarkin noma da sarkin maƙera, ba tare da wani ya ga an tauye darajar na farkon ba. Wannan kuwa, a ganina, ya isa hujja cewa kalmar ba ta keɓanta ga mai mulkin da babu kowa a bisansa ba.

Waɗansu masu bincike, saboda ɗokin danganta kowane abu mai daraja da Gabas, sun jingina ta ga "sharru" ta harshen Akkad, suna kafa hujja da sunan Sarki Sargon, wato Sharru-kin. Amma kamancin lafazi kaɗai ba ya zama dalili a ilmin lugga, muddin ba a nuna silsilar da kalma ta biyo daga baki zuwa baki ba. Abin da harshenmu ya shaida da kansa shi ne, harafin kaf yana faɗuwa a "sarauta" da "sarauniya", alamar cewa tushen shi ne "sar-", sarauta kuwa amana ce da ake naɗa wa mutum a kan jama'a ko sana'a.

Littafin Tarihin Kano ya ƙarfafa haka, domin ya kawo cewa a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zama Sarkin Gaya. Ga sarki ƙarƙashin sarki, marubucin bai ga tufka da warwara a ciki ba. Bayan jihadin 1804, malaman da suka soki al'adun sarakunan Haɓe, kamar yadda Shehu Usmanu ya yi a Kitabul Farƙi, sun fifita laƙabin "amir" a rubuce-rubucensu, sai dai talakawa, da ba su karanta wasiƙun fada, suka mai da Amirul Muminina Sarkin Musulmi, haka kuma ya tabbata. Shi ma mai Gaya, tsawon zamanin da yake hakimi ƙarƙashin Kano, Sarkin Gaya ake kiransa, kuma da gwamnatin jiha ta ɗaga Gaya ta zama masarauta a 2019, aka sa Ajingi cikinta, matsayi da sanda ne suka sauya, laƙabin bai motsa ba.