Folding@home: Tarihin Gayyar Kwamfutocin Gida

A ranar 1 ga Oktoba, 2000, wani matashin malami a Jami'ar Stanford da ke jihar Kaliforniya ta Amurka, Vijay Pande, ya saki wata 'yar manhaja kyauta ga duk mai so. Abin da ya roƙi jama'a guda ɗaya ne: idan kwamfutarka tana kunne kuma ba ka aiki da ita, ka ara wa masu bincike ƙarfinta. Daga wannan roƙo aka haifi Folding@home, shirin da ya kwashe fiye da shekara 20 yana gudana a kan na'urorin mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ɗakin gwaje-gwaje ba.

Matsalar da ta sa Pande neman taimako ita ce ta furotin. Shi ne ma'aikacin jiki: shi ke narkar da abinci, shi ke ɗaukar iskar oksijin a jini, shi ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Kowane furotin yana farawa ne a matsayin doguwar sarƙa, sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa kafin ya iya aikinsa. Idan naɗin ya karkace, ana iya samun cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson da Huntington. Naɗin nan yana faruwa cikin sauri ƙwarai, amma kwaikwayonsa a kwamfuta aiki ne mai cin rai. Kwamfutar wancan lokaci takan wuni ta kwana tana lissafi, duk da haka abin da za ta nuna bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Ke nan kafin ta ga furotin ƙarami ya gama naɗewa, sai ta shafe shekara kusan 30.

Pande da ɗalibansa sun lura cewa ba dole ne na'ura ɗaya ta bi tafiyar daga farko har ƙarshe ba. Ana iya yanka aikin gunduwa-gunduwa, a aika wa dubban kwamfutoci, kowace ta lissafa nata kason ta mayar, sannan a harhaɗa. Sun ga misali a wurin waɗanda suka riga su. Tun 1996 George Woltman ya kafa GIMPS domin farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa, a 1999 kuma Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ta buɗe SETI@home domin sauraron alamun rayuwa daga sararin samaniya. Folding@home ya ɗauki wannan dabara ya kai ta fagen lafiya. A 2002 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna cewa lissafin kwamfutocin gida ya zo daidai da abin da aka auna a ɗakin gwaji, kuma daga nan masana suka fara ɗaukar shirin da muhimmanci.

Abin da ya riƙe jama'a kuwa shi ne tsarin ƙungiyoyi. Duk kason aikin da kwamfuta ta kammala kafin wa'adinsa, mai ita yana samun maki, kuma yana iya zuba makin a asusun ƙungiyar da ya zaɓa. Ɗalibai da ma'aikatan kamfanoni da masu sha'awar harhaɗa kwamfuta suka kafa ƙungiyoyi suna tsere da juna a jadawali. Shirin ba ya biyan kowa ko kwabo a kan maki, kuma mai kwamfuta ne ke biyan kuɗin wutar da ta sha. Da yawa sun shiga ne saboda sun ga yadda ciwon mantuwa ko ciwon daji ya kwantar da wani nasu. Wannan aikin gayya ne sak: kowa ya zo da fartanyarsa, gasa tana ƙara wa aikin zafi, gonar kuma ba ta mutum ɗaya ba ce.

Bunƙasar farko ta zo daga duniyar wasanni. A 2006 shirin ya fara amfani da katin sarrafa hotuna na kwamfuta, wanda ya fi ainihin ƙwaƙwalwar na'urar sauri a irin wannan lissafi. A watan Maris na 2007 aka sanya manhajar a na'urar wasa ta PlayStation 3 ta kamfanin Sony. Kafin shekarar ta ƙare, ƙarfin shirin ya haura lissafi tiriliyan 1,000 a kowane sakan, kundin bajinta na Guinness kuma ya amince cewa babu wata gamayyar kwamfutoci mai ƙarfinsa a duniya. Zuwa 2012 da Sony ya rufe wannan haɗin gwiwa, masu na'urar fiye da miliyan 15 ne suka ba da gudummawa.

Daga baya Pande ya miƙa ragamar shugabanci ga tsohon ɗalibinsa, Greg Bowman, wanda ke Jami'ar Washington a St. Louis a lokacin, kafin ya koma Jami'ar Pennsylvania. Shirin ya zama haɗakar ɗakunan bincike da dama, ciki har da na John Chodera a cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering da na Vincent Voelz a Jami'ar Temple. Hankali ya ƙara karkata ga neman ɓoyayyun ramuka a jikin furotin, waɗanda ba sa bayyana sai yana motsi, domin a nan magani zai iya kamawa. Sun gano irin wannan rami a wani furotin na ƙwayar Ebola, cutar da ta yi ɓarna a Afirka ta Yamma.

Sai annobar korona ta zo. A ƙarshen Fabrairun 2020 shirin ya sanar da fara aiki a kan ƙwayar cutar. Kafin nan masu ba da gudummawa kusan 30,000 ne, amma cikin 'yan makonni na'urori suka kusa miliyan ɗaya. Mutanen da kulle ya tsare a gida suka yi ta sauke manhajar har aikin da ake rabawa ya riƙa ƙarewa, sai da wasu kamfanoni suka kawo agajin manyan na'urorin rarraba aiki. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN ma ta sa kwamfutocinta a ciki. A ƙarshen Maris ƙarfin shirin ya haura lissafi tiriliyan miliyan ɗaya a sakan, matakin da babu wata babbar kwamfuta ta gwamnati ko kamfani da ta kai a lokacin. Da wannan ƙarfi aka ga yadda ƙayar da ke jikin ƙwayar korona take buɗewa kafin ta kama ƙwayar halittar mutum, aka kuma saki bayanan kyauta ga masu bincike.

Da annobar ta lafa, jama'a da yawa sun janye, ƙarfin ya ragu. Manhajoji irin su AlphaFold yanzu suna iya hasashen siffar furotin, amma yadda yake motsi har yanzu yana buƙatar dogon lissafi. Folding@home bai mallaki na'urorin da yake aiki da su ba, ƙarfinsa yana hawa da sauka ne gwargwadon niyyar mutane. Shekarar 2020 ta nuna cewa ƙarfin yana nan a gidaje. Masu fama da Alzheimer da ciwon daji sun cancanci irin himmar da aka yi wa korona.