Kafin Zuwan Agogo: Tarihin Barci Da Farkawa A Ƙasar Daura

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya ji labarin Bayajida. Amma akwai wani abu a cikinsa da ba kasafai ake lura da shi ba, wato lokacin da abin ya faru. Masu ba da labarin sun ce da dare baƙon ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa sai Juma'a. Ya tafi rijiyar Kusugu ya kashe macijiya, ya koma masaukinsa, babu wanda ya gan shi, sai da gari ya waye mutane suka tarar da abin mamaki. Ko mun ɗauki labarin tarihi ko mun ɗauke shi hikaya, ya nuna mana garin da yake kwanciya tare, yake kuma tashi tare.

Rabon Lokaci A Da

Bahaushen da bai san ƙarfe kaza ba, amma bai taɓa rasa sunan lokaci ba. Yana da asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, almuru, lisha, da talatainin dare. Carar zakara da kiran assalatu su ke tada shi. Fatake kuwa gamzaki suke duba su ɗaura kaya, don su ci tafiya kafin rana ta yi zafi. Daura tana daidai digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya, saboda haka tsawon yini ba ya sauyawa sosai. Tsakanin yini mafi gajarta da mafi tsawo bai wuce kimanin sa'a ɗaya da rabi ba. Wannan ya sa lokacin kwanciya da na tashi suka kusan zama ɗaya duk shekara.

Bayan tuwon dare yara su fita dandali idan akwai farin wata, ko su kewaye kaka ta yi musu tatsuniya. An ma hana yin tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata. Almajirai su yi karatu a hasken wutar kara. Fitilar aci-bal-bal mai take ci, shi ya sa ba a cika doguwar hira ba. Dare mahutar bawa, in ji Hausawa.

Barcin nan ba a dunƙule yake ba. Malamai da tsofaffi sukan tashi a sulusin dare na ƙarshe su yi nafila, manomi kuma ya dawo daga gona ya yi ƙailula a inuwa. Aya ta 58 ta Suratun Nur ma ta ambaci tsakar rana cikin lokuta uku da ba a shiga wa mutum sai da izini. Masanin tarihi Roger Ekirch na Amurka ya nuna a littafinsa na 2005 cewa Turawa ma kafin wutar lantarki barci biyu suke yi a dare guda, har ya kawo misalin Tibi na nan Nijeriya masu irin wannan al'ada.

Da Ƙarfe Ya Shigo

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a 1906 kuma suka zaunar da Malam Musa a gadon sarautar Daura. Tare da su aka sami ofis, kotu, makarantar boko, da lokacin da ba ruwansa da inuwa. Kalmomin kansu shaida ne. Muna cewa "ƙarfe bakwai" ne saboda ƙarfen da ake bugawa a sanar da sa'a, "agogo" kuwa daga Yarbanci muka aro shi, inda yake nufin ƙararrawa.

A 1919 aka ɗora Nijeriya kan lokaci guda, sa'a ɗaya gaba da na Girinwic ta Ingila. Daura kuwa tana wajen digiri 8 ne gabas, don haka agogonmu ya riga rana da kusan rabin sa'a. Idan aka ce yaro ya iso makaranta bakwai da rabi, a wurin rana bakwai ce ta yi. Daga baya lantarki ya zo, sai talabijin, sai gidajen kallon ƙwallo, yanzu ga wayar hannu a ƙarƙashin matashi. Lokacin kwanciya ya yi ta ja da baya, amma asuba da ƙararrawar makaranta suna nan inda suke. Ƙailula kuma aiki ya cinye ta.

Abin Da Masana Suka Gano

Tun 1729 wani Bafaranshe mai suna de Mairan ya ajiye wani tsiro a cikin duhu, ya ga yana buɗe ganye yana rufewa a kan lokaci ko da bai ga rana ba. Daga nan aka fara fahimtar cewa halitta tana da agogo a cikinta. A jikin ɗan Adam, uban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, yana samun labarin haske daga ido. Idan duhu ya yi sai a saki sinadarin melatonin, jiki ya soma shirin barci, haske mai ƙarfi da dare kuwa yakan jinkirta shi. A 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel saboda gano ƙwayoyin gadon da ke juya wannan agogo, ta hanyar binciken wani ɗan ƙaramin ƙuda.

An kuma gano cewa agogon kowa da saitinsa. Wani ɗan sammako ne, wani ɗan dare, kuma akwai gado a ciki. Shekaru ma suna juya shi: na matashi yakan koma baya, na tsoho ya matso gaba. Bincike ya danganta yawan saɓa wa agogon jiki, kamar aikin dare na shekaru, da hawan jini, ciwon suga da ƙiba. Likitocin barci sun ce baligi na bukatar aƙalla sa'a 7, matashi kuwa 8 zuwa 10.

Na daɗe ina tsawata wa ɗaliban da ke gyangyaɗi a darasin farko, ina ce musu malalata. Da na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. Yaron da ya kwanta sha biyu ya tashi biyar, sa'a 5 kawai ya samu. Kakansa ya tashi a wannan lokacin, amma ya kwanta bayan lisha, ya kuma yi ƙailula. Mun riƙe lokacin tashin kakanni, mun yar da lokacin kwanciyarsu. Alhali Bahaushe ya ce wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, idan za mu rubuta labarin da ya faru a Daura kafin Turawa, kada mu sa jarumi ya yi alkawarin ƙarfe huɗu. Mu ce la'asar sakaliya, mu bar dare ya yi duhunsa. Na biyu, da yawa daga cikinmu sai tsakar dare alƙalami ke gudu. Wanda jikinsa na dare ne kada ya zargi kansa da lalaci, amma ya tsayar da lokacin kwanciya guda, ya rage haske kafin ya kwanta, ya fita cikin hasken safiya, ya kuma nemi ƙailula ko ta minti 20 ce. Allah Ya ba mu lafiya da tsawon rai.