Kundin Malam: Ajiya Don Wata Rana

Tun zamanin da takarda take da tsada a ƙasar Hausa, sa'ad da ayarin fatake ke ɗauko ta daga Tarabulus, su ratso Sahara da ita har Kano, malamanmu suka ɗauki wata al'ada wadda ta cancanci a tsaya a yi nazarinta, wato ajiye kundi. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana sayar da takarda mai tambarin wata uku, wadda ake yi a Italiya. To, irinta ce almajiri kan samu ƙyalle guda, ya tattala shi kamar zinariya.

Shi kundi ba littafi ba ne da mawallafi ya tsara babi-babi. Duk abin da mai shi ya tsinta a yawon neman ilmi, ko addu'ar tsari ce, ko laƙanin kasuwa, ko maganin ciwon ido, ko mas'alar gado, ko ranar wafatin wani shehi, sai ya fiƙe alƙalaminsa na kara, ya tsoma a tawada, ya rubuta "fa'ida" a bisa, sa'an nan ya zuba abin da ya ji, wani lokaci har da sunan wanda ya ba shi izini. Ba don bukatar ranar yake rubutawa ba, sai don ya sakankance cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Takardun kuwa ba a ɗinke su. A tsakanin tadarishi ake jera su, a zura cikin gafaka, a rataye nesa da gara da ɗigar damina.

Amma fa a nan aibin yake, domin fihirisar kundi tana cikin ƙirjin mai shi ne kaɗai, shi ya san inda kowace fa'ida ta kwanta. Idan ya riga mu gidan gaskiya, magada suka raba takardun kamar yadda ake raba tufafi, sai wahalar shekara arba'in ta watse a yini guda. Waɗanda suka tsira kaɗan ne, kamar takardun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, waɗanda yanzu suke ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka, da kuma abin da aka tattara a Gidan Arewa, Kaduna, tun kafa shi a 1970.

Kalmar dai ba ta mutu ba, ga shi har dokar ƙasa muna kiranta kundin tsarin mulki. Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai gafakar kakanka a rataye a zaure, sauko da ita, ka kakkaɓe ƙura, ka nemi mai karanta ajami ya zauna da kai, ku rubuta abin da ke ciki tun gara ba ta riga ku ba.