Daga Kube zuwa Aljihu: Tarihin Naɗe Wuƙar Farauta a Amurka

Wuƙar daji, watau wadda mafarauci yake ratayawa a kugu cikin kube, ƙarfinta yana ga abu guda: ƙarfen ruwanta ya zarce har cikin ƙota, babu gaɓa a tsakani. Da zarar an ce za a naɗe ta, sai an yanke wannan ƙarfe an haɗa shi da ƙusa, daga nan kuwa rauni ya shigo. Idan aka danna tsininta a kan ƙashi ko itace, tana iya rufowa a kan yatsun mai ita. Wannan ita ce matsalar da maƙera suka daɗe suna fama da ita.

Naɗe wuƙa kansa tsohon abu ne. An tono wuƙaƙe masu naɗewa na zamanin Rumawa, kuma tun ƙarni na 17 maƙeran Turai suka fara sa musu sifirin a gadon baya domin ya riƙe ruwan a buɗe. Amma sifirin tokarewa kawai yake yi, ba ya kullewa. Saboda haka irin waɗannan wuƙaƙe sun tsaya ga ƙananan ayyuka, kamar fiƙe alƙalami da yanka igiya. Fiɗa da daddatsa nama kuwa aka bar wa wuƙar kube.

A Amurka, siffar wuƙar kube da ta fi shahara ita ce wadda ake jinginawa ga Jim Bowie. Sunansa ya bazu ne bayan wani faɗa da aka gwabza a kan yashin Kogin Misisipi, kusa da garin Natchez, cikin 1827, inda ya kashe abokin gābarsa da wata babbar wuƙa. Nan da nan jama'a suka shiga neman irinta, maƙeran birnin Shefil na Ingila kuma suka riƙa ƙera ta da yawa suna aikawa Amurka. Alamar da aka fi saninta da ita ita ce an zaftare gadon bayanta daga wajen baki, tsinin ya fito siriri. Ko da aka daina faɗa da ita, aka rage mata tsawo, wannan siffa ta zauna a wuƙar mafarauta.

Gidan da ya yi nasarar naɗe wannan siffa har ta karɓu shi ne gidan Buck. Tushensa Hoyt Buck, yaron maƙeri ne a Jihar Kansas, wanda ya ƙera wuƙarsa ta farko cikin 1902, yana ɗan shekara 13. Da tsofaffin magagarai yake aiki, hankalinsa kuma yana kan yadda za a gasa ƙarfe ya daɗe bai dakushe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma San Diego wurin ɗansa Al, suka ci gaba da sana'ar tare har ya rasu cikin 1949. An yi wa kamfanin rajista a 1961, ran nan kuwa wuƙaƙen kube ne abin cinikinsa.

Cikin watan Afrilu na 1963 shugabannin kamfanin suka yanke shawarar ƙera wuƙa mai naɗewa wadda za ta yi aikin ta kube. A 1964 ta fito kasuwa da lamba 110. Tsawon ruwanta inci uku da rubu'i uku, mai tsini irin na Bowie. Ƙotarta ta wani baƙin itace ce dangin kanya, an ɗaure kai da gindi da tagulla. Asirinta yana ga wani sandan ƙarfe da ya bi gadon bayan ƙota. Idan an buɗe wuƙar, ƙugiyar da ke bakin sandan sai ta faɗa cikin wani gurbi a gindin ruwan, ta riƙe shi gam. Ba za ta rufu ba sai an danna ɗaya ƙarshen sandan da yatsa. Ba gidan Buck ne ya ƙago wannan makulli ba, domin maƙeran Turai sun riga sun san shi. Abin da suka yi shi ne ƙara masa kauri da daidaito, har mafarauci ya yarda ya danƙa masa yatsunsa.

Sai dai ƙarfi yana tafe da nauyi. Wuƙar ta kai wajen giram 200, nauyin da aljihu ba ya jin daɗinsa, don haka aka riƙa sayar da ita tare da 'yar jakar fata ta ɗaurawa a ɗamara. Ashe kuben da aka gudar wa ya komo ta wata ƙofa. Duk da haka an sayar da miliyoyinta, ma'aikata da manoma da sojoji suka rungume ta fiye da mafarautan da aka yi dominsu, sauran kamfanoni kuma suka kwaikwaye ta, har sunan Buck ya zama sunan kowace wuƙa mai wannan ƙira a bakin Amurkawa da yawa.

Shaida mafi ƙarfi a kan wannan nasara daga kotu ta fito. Dokar Ingila ta 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da dalili ba, amma ta keɓe wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci uku ba. Cikin 1998 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa wuƙa mai makulli ba ta shiga wannan sassauci, kome ƙanƙantarta, tun da yake ba ta naɗuwa sai an saki makullin. Watau alƙalai sun ɗauke ta daidai da wuƙar kube, matsayin da maƙera suka yi ƙarnoni suna nema mata.